Na kai tsoffin kaset din Mama an juye min a filash, ga yadda aikin ya kasance

Tun da Mama ta koma ga Ubangiji nake ajiye da wata leda mai kaset guda bakwai, yawanci TDK ne na minti 90, kuma su kadai suka rage mana saboda gidanmu na Jos ya kone a rikicin Satumba 2001, albam din hotuna da katin baftismarmu duk sun tafi, kaset din sun tsira ne don suna wajen yayarta a Kagoro. Rediyo mai kaset kuwa yanzu ina zaka ganshi. Wata 'yar zumuntarmu ce ta min kwatancen wani dattijo mai gyaran rediyo a wajen Taminus a Jos, tace yana juye kaset zuwa filash ko memori.

Shagon karami ne sosai, benci daya, kura ko ta ina, amma Baban ya san aikinsa. Bai jefa kaset a inji haka kawai ba, saida ya daga kowanne a haske ya juya da biro. Biyu sunyi fumfuna, daya zaren ya tsinke, daya kuma dan soson nan dake danne zare ya fadi, yace in aka kunna shi a haka murya zata rinka nitsewa. Ya kwance ya manna wani, ya hada zaren daya tsinke. Yace min 'yata wannan aiki ba'a gaggawa, kaset mai minti 90 sai ya cinye minti 90 dinsa cif kafin ya shiga kwamfuta. Dubu biyu ya karba kowane kaset, gyaran bai kara min ko sisi ba.

Inda ban ji dadi ba shine lokaci. Kwana hudu yace, sai da nayi sati biyu ina zarya, yau ba wuta gobe yaron dake taba kwamfutar bai zo ba. Sannan sunayen fayil din duk lamba ce kawai, sai ka bude daya bayan daya kafin ka gane wanne ne wa'azi wanne ne wakokin zumuntar mata, kuma kaset daya sun manta basu juya bayansa ba saida na koma. Ya bani hakuri ya sake yi kyauta.

Amma abunda yasa na zauna rubuta wannan shine kaset din da Mama ta rubuta "addu'a, Disamba 1998" da hannunta. Ni a kaina na girma da cewa nice 'yar da ta fi bata mata rai, abunda nake tunawa fada ne da bulala da ranar data hanani zuwa taron matasa, har na zama uwa ina daukar kaina mai taurin kai wadda aka hakura da ita kawai, kuma gaskiya haka nake zuwa gaban Allah ma, kamar wadda ake jurewa. Sai gashi a wajen minti na 20 tana kiran sunayenmu daya bayan daya, data zo kaina ta dade, muryarta na rawa, tana cewa Ubangiji ka bawa yarinyar nan zuciya mai karfi kada duniya ta karya ta, ka yi aiki da ita. Ana jin zakara yana cara a baya da karar kwano, asuba ce kenan, muna barci. Na saurara ya kai sau goma a daren. Fadan nan ya faru, ban kirkira ba, amma rabin labarin na rike shekara da shekaru na gina kaina a kai.

Anan na yabawa Baban. Yaron nasa yaso ya goge duk hayaniyar da kwamfuta, shi kuma ya hana yace a rage shuuu din kadan kawai, in aka matsa murya zata koma kamar ta cikin gwangwani. Da sun goge da babu zakaran nan, kuma shine ya maidani tsakar gidanmu.

Ranar Lahadi da aka ci jibin Ubangiji, da fasto ya karanta Luka 22:19 inda Yesu yace a rinka yin haka domin tunawa dashi, naji ta daban. Ya san mu da mantuwa da kuma zaben abunda zamu rike, shi yasa ya bar mana abunda za'a taba da hannu a sa a baki. Haka a Yoshuwa sura 4, duwatsu 12 aka dauko daga tsakiyar Urdun aka kafa a Gilgal don in yara sun tambaya a basu labari. 'Yata mai shekara tara taji ina kunnawa tace Mami muryar waye, ranar ta fara jin kakarta tana waka, yanzu ta iya amshin.

In zaku kai naku, ku je da filash dinku sabo, ku rubuta suna a jikin kowane kaset, ku ce a baku fayil din sautin iri biyu, WAV harda MP3, WAV yana cin wuri kusan mega 10 duk minti amma shine na ajiya, MP3 na turawa 'yan uwa a WhatsApp. Ku saurari gaba da baya a shagon kafin ku biya cikon kudi, kuma ku karbo kaset dinku kada ku bari. Yayar Mama tace akwai wasu guda uku a Kagoro, harda na bikin aurensu a cocin ECWA, da Kirsimeti zan daukosu in kai masa.