Kafin Ka Zaɓi Fannin Injiniya, Karanta Darussan Shekara Ta Biyu Da Ta Uku

Yawancin masu neman gurbin karatun injiniya da sunan fanni suke yin zaɓi. Wani ya ji ana cewa lantarki ne ke tashe, wani kuma burinsa a gan shi da hular kwano a wurin gini. To amma shekarun jami'a da darussa ake cinye su. Shawarata ita ce ka nemi tsarin karatun sashen kafin ka cike fom, ka tsallake shekarar farko, ka zauna ka karanta jerin kwasa-kwasan shekara ta biyu da ta uku.

Na ce ka tsallake ta farko ne domin kusan kowane fanni abu ɗaya yake koyarwa a cikinta: kalkulas, aljabara, fiziks, ɗan kemistiri, zanen injiniya da rubuta manhajar kwamfuta. Kalkulas shi ne lissafin yadda abu ke canzawa, kuma babu fannin da zai raba ka da shi. Wanda lissafi ke ba shi tsoro ya sani tun yanzu, sauya sashe ba zai cece shi ba.

Injiniyan gine-gine yana farawa da lissafin nauyi da ƙarfin da ke kan abin da yake tsaye cik, sannan ƙarfin kayan aiki, tafiyar ruwa, safiyo da halayyar ƙasa. A nan za ka gane dalilin sa rodi cikin kankare: kankare yana jure danniya sosai, amma da an ja shi sai ya tsage, ƙarfe ne ke ɗaukar jan. Darasin ƙasa, wanda Karl Terzaghi ya aza harsashinsa a shekarun 1920, shi ne ke ba ɗalibai mamaki, domin hasumiyar Pisa ta Italiya laushin ƙasar da ke ƙarƙashinta ne ya karkatar da ita. Fannin ya dace da mai son ganin aikinsa da ido, mai haƙurin bin ƙa'idojin gini ɗaya bayan ɗaya.

Injiniyan injina, wato makanikal, shi ya fi kowane faɗi. Motsi, zafi, ruwa da iska, ƙera sassan inji, duk nasa ne. Kwas ɗin da ke tankaɗe ɗalibai a nan shi ne ilimin zafi da makamashi. Tun 1824 Sadi Carnot na Faransa ya nuna cewa akwai iyaka ga aikin da inji zai iya fitarwa daga zafi, shi ya sa mafi yawan makamashin fetur ɗin mota yake tsiyayewa ta salansa da lagireto. Idan irin wannan bayani ya sa ka ji kana son ƙarin sani, alama ce mai kyau. Wanda bai tsayar da zuciyarsa kan wata masana'anta ba, wannan fanni ya fi barin masa ƙofofi a buɗe.

Lantarki kuwa sai an yi shiri. Gada kana ganin ta, giyar inji kana iya juya ta da hannu, amma wutar da ke bin waya a lissafi kawai za ka kama ta. Dokokin Kirchhoff na 1845, kan yadda wuta ke rarrabuwa cikin wayoyi, suna da sauƙin shiga kai, kuma su ne ke yaudarar mutum ya ɗauka haka tafiyar za ta ci gaba. Sai a kawo lissafin Maxwell kan lantarki da maganaɗisu, da dabarun Fourier da Laplace na warware sigina, a nan ne ake gane wanda ya riƙe lissafinsa da kyau. A ganina wannan ne fannin da lissafinsa ya fi nauyi. Daga baya hanya takan rabu biyu: ɓangaren samar da wuta da rarraba ta, da janareta da taransifoma, ko ɓangaren ƙananan na'urori da sadarwa. Injiniyan kwamfuta reshe ne da ya fito daga na biyun, yana koyon yadda ake haɗa ƙwaƙwalwar na'ura da manhajar da ke tuƙa ta. In rubuta manhaja kaɗai kake so, kimiyyar kwamfuta ta fi kusa da buƙatarka.

Fannin da aka fi shiga bisa kuskure shi ne injiniyan sinadarai. Yaro ya ji daɗin kemistiri a sakandare, sai ya tarar da lissafin abin da ya shiga tukunyar masana'anta da abin da ya fito, da tafiyar zafi cikin bututu, da yadda ake tace abu daga abu. Fritz Haber ya haɗa amoniya, sinadarin da ake yin takin zamani da shi, a ɗakin gwaji a 1909. Carl Bosch ne ya mayar da wannan ya zama masana'anta a 1913, bayan fama da matsanancin matsi da zafin da ke lalata ƙarfe. Aikin Bosch za a koya maka. Mai son aikin Haber ya nufi sashen kemistiri.

Akwai kuma fannoni masu suna mai jan hankali, irin su man fetur, jiragen sama, da na'urorin asibiti. Ba na raina su, amma ina jin tsoron ƙuntata wa yaro ɗan shekara 18 hanya tun da wuri. Mai digirin makanikal zai iya komawa jiragen sama a digiri na biyu cikin sauƙi, komawa ta ɗaya ɓangaren ce ta fi wuya.

Bayan fanni, sai jami'a. Abu na farko shi ne ko hukumar injiniyoyi ta ƙasar ta amince da wannan digiri ɗin kansa, domin amincewa da jami'a dabam, amincewa da sashe dabam, kuma rajistar zama cikakken injiniya takan rataya a kan na biyun. Mai tunanin aiki a wata ƙasa ya bincika ko hukumar tana cikin Yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda mambobinta ke karɓar digirin juna. Tsawon karatu ma ya bambanta: shekara 4 a Amurka, 3 ko 4 a Ingila gwargwadon irin digirin, wasu ƙasashe kuma 5.

Sai ɗakin gwaji, kuma kada hoton da ke shafin jami'a ya ishe ka. Nemi ɗalibin aji uku na sashen ka tambaye shi: mutum nawa ke taruwa kan na'ura ɗaya, shi da kansa ya taɓa ta ko kallo ya yi, wata nawa ake yi a masana'anta kafin a kammala, kuma me 'yan ajin ƙarshe na bara suka ƙera da hannunsu.