CT, anjiyogiram ko MRI: wanne ke kama ɓoyayyen curin jijiyoyin jini a gindin ƙwaƙwalwa?

Ɗan'uwa, ka ce ƙanwarka ta wayi gari tana ganin abu bibbiyu, rabin fuskarta kamar ba nata ba, an yi mata hoton kai na CT da anjiyogiram, wato hoton hanyoyin jini, ba a ga komai ba, yanzu likita ya ce sai MRI, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, kake tambaya ko ba maimaici ba ne. A'a wallahi, kowanne da abin da idonsa ke gani.

CT dai sauri ne nasa, minti kaɗan an gama, kuma in jini ya zuba sabo-sabo yana nuna shi fari fat. Wurin ne ke ba shi wahala, don gindin ƙwaƙwalwa, nan inda take haɗuwa da lakar gadon baya, ƙashi mai kauri ne ya kewaye shi, sai hoton ya fito da zane-zane, ƙaramin abu ya sulale.

Shi kuma anjiyogiram mutane na ɗauka daga shi an gama, tunda ta cinya ko hannu ake zura siririn bututu a tura ruwa mai haska hanyar jini. In curin irin mai gudun jini da ƙarfi ne, ba kamarsa. To amma kabanoma, wato curin ƙananan jijiyoyin jini da suka cukurkuɗe, wanda nake jin shi likitan ke zargi, jinin cikinsa kusan a kwance yake kamar ruwan kududdufi, ruwan haskan ba ya shiga, sai hoto ya fito lafiya ƙalau alhali abin na nan zaune. Shi ya sa ma ake ce masa ɓoyayye, kuma kafin MRI ya yaɗu a shekarun 1980 da yawa sai a wajen tiyata ake gano shi.

A MRI kuwa ba ya iya ɓuya. Yana fitowa kamar ƙwayar gugguru, tsakiya dabbare-dabbare, ga baƙin zobe a kewaye, wato ƙarfen tsohon jinin da ya ɗiɗɗiga a baya. Ku tambaya ko za a haɗa da salon SWI, shi ne ke tono ƴan mitsi-mitsi, in an ga da yawa kuma ana tunanin na gado ne.

Sai dai a MRI a yi haƙuri da ƙarar na'urar da kwanciyar kusan rabin awa ba motsi, in tana da na'urar bugun zuciya ko wani ƙarfe a jiki ku faɗa tun kafin a shiga. Kuma in an ce ku dawo bayan wasu makonni a sake kar ku ji haushi, sabon gudan jini kan rufe curin sai ya narke tukuna. Allah ya ba ta lafiya.