Gargaɗi ga masu gyaran rediyo da oba-oba

Salamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Akwai wani mutum da ke tallata akwatin adafta a Facebook, ya kuma shiga wasu zaurukanmu na WhatsApp. Ni dai ya ci kuɗina, shi ya sa na ce bari in sanar.

Duk mai zama a teburin gyara ya san wahalar ƙananan kawunan nan da ake haɗa eriya ko wayarta da rediyo da su. Nawa a gwangwanayen madara suke, na liƙa wa kowanne takarda mai sunan irin kan da ke ciki: SMA nan, BNC can, PL-259 a babban gwangwani. Duk da haka in kwastoma na tsaye a kaina sai na zazzage su a tire kafin in samu wanda nake nema. Da na ga hoton akwatin roba mai ɗakuna, kowane ɗaki da sunan abin da ke ciki, ga farashi ƙasa da na Sabon Gari, ban tsaya dogon tunani ba. Na tura kuɗi, ya aiko ta tasha.

Akwatin ya zo kamar yadda yake a hoto, ba zan yi masa ƙarya ba. Rubutun da ke kan ɗakunan ne ƙarya.

Ɗakin da aka rubuta SMA, fiye da rabinsa RP-SMA ne, irin na eriyar Wi-Fi. Daga waje kamarsu ɗaya, suna kuma murɗuwa a wuri ɗaya, sai dai an juya cikinsu: inda ya kamata a ga rami, allura ce. Shi kuwa oba-oba ƙirar Baofeng allurarsa a jikin rediyon take. Na murɗa ɗaya a oba-obar wani ɗan sintiri, allura ta ci karo da allura, tasa ta lanƙwashe. Daga aljihuna na gyara masa.

Sai PL-259. Na kirki farin da ke tsakiyarsa Teflon ne, yana jure zafin ayan. Wannan ina ɗora ayan zan yi soda, roba ta narke tana wari, tsinken tsakiya ya karkace ya taɓa jiki. Na sa mita, ta yi ƙara, alamar tsinken da jikin sun haɗe. Wanda ya ɗaura wannan a rediyo ya danna magana bai gwada ba, tiransistan ƙarshe, mai ƙarfafa maganar da ke fita, yake sa wa wuƙa. Guntayen wayar eriya da aka buga wa lambar RG-58 ma na fere ɗaya: saƙar da ke kewaye 'yan silale ne, ta tsakiyar kuma maganaɗisu ya cafke ta, wato ƙarfe ne aka yi wa wankan jan ƙarfe.

Na tura wa mai akwatin hotuna, ya ce laifin yaronsa ne, in yi haƙuri zai canza. Washegari ya toshe ni. Bayan kwana biyu na ga hoton akwatin nan dai, har da tsagewar da ke gefen murfin, a ƙarƙashin wani sunan daban.

In kun riga kun saya, kada ku juye su cikin naku. Wautar da na yi ke nan ranar farko, don murna. Ku leƙa cikin kowanne a haske, ku gwada da mita, ku kusanta maganaɗisu. Tagulla ba ta bin sa, in ma akwai fentin nikel ɗan ja kaɗan za ku ji, ba cafka ba. Yau dare na uku ke nan ina tsince su ɗaya bayan ɗaya da tocilan a baki, kuma ban ko taɓa gwangwanin BNC ba tukuna.