Sassaƙen dutse ko zanen kogo: wanne za ka fara gani a Ku-ring-gai?

Gandun dajin Ku-ring-gai Chase da ke bakin teku, arewa da birnin Sidni a Ostareliya, an kafa shi a 1894. Amma tun kafin zuwan Turawa 'yan asalin ƙasar suka bar alamunsu iri biyu a can.

Na farko sassaƙe ne a kan shimfiɗaɗɗen dutse, kamar wanda ke hanyar Basin, wata hanyar ƙafa a cikin dajin. Sai da suka huda ƙananan ramuka a jere, sannan suka goge tsakaninsu har ya zama layi: ga kifi, ga mutum, ga dabba mai kama da kangaru. Da tsakar rana da ƙyar ido ke kama shi. Ka je da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da inuwa ke kwanciya cikin layukan. Ruwa da iska na cinye shi sannu a hankali, don Allah kada ka taka.

Kogon Red Hands kuwa rumfar dutse ce ta kare zanensa. Mutum ya ɗora tafinsa a bango, ya fesa jar ƙasa da baki, siffar yatsunsa ta zauna.

Ni dai kogon zan fara zuwa. Sassaƙen ya fi girma da yawan siffofi, amma tafin nan tamkar mai shi yanzu ya ɗage hannu.