Lauyan kyauta a Abuja ga wanda mai duba shi ya ci amanarsa: ana samu, amma wa'adi ba ya jira

Wanda ya je wurin likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara kan damuwa, da rauninsa yake zuwa. A ɗaki, ƙofa a rufe, yake faɗin abin da ko mahaifiyarsa ba ta sani ba. Idan wanda aka damƙa wa wannan amana ya mai da ita hanyar lalata ko tsoratarwa, akan daɗe kafin baki ya buɗe, ita kuwa doka da kalanda take aiki. Don haka ma'auni ɗaya muka ɗora wa wuraren taimakon shari'a kyauta na Abuja: suna kai mutum rajistar kotu kafin wa'adi ya cika, ko kuwa?

Dole a fara sanin wa'adin kansa. Dokar ƙayyade lokacin shigar da ƙara ta 1966, wadda ke aiki a Abuja, ta ba da shekara 6 ga ƙarar cutarwa ta gama-gari da kuma ƙarar saɓa yarjejeniya. Amma idan diyyar rauni ake nema saboda sakaci ko saɓa haƙƙin kulawa, shekara 3 ce, kuma rauni a nan ya haɗa da taɓuwar lafiyar ƙwaƙwalwa. Lauyoyi na iya jayayya kan ko cin zarafin da aka yi da gangan yana cikin shida ko cikin ukun. Lauyan da ya san aikinsa uku yake ƙirgawa, ya bar gardamar shida ga wanda ya riga ya makara. Ƙirga tana farawa daga ranar da abin ya faru. Dokar ta yi rangwame ga yaro da wanda hankalinsa ya gushe, da inda aka ɓoye gaskiya ta hanyar zamba, sai dai zuwa asibiti saboda damuwa kaɗai ba shi ne gushewar hankali a idon kotu ba, sai an kawo hujjar likita.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne asibitin gwamnati. Sashe na 2(a) na dokar kare ma'aikatan gwamnati wata 3 kacal ya bayar, daga ranar da aka yi abin ko ranar da cutarwar ta tsaya. Kotun Ƙoli ta daɗe da cewa wannan kariya ba ta rufe wanda ya fita daga hurumin aikinsa ko ya yi da mugun nufi, kuma lalata da marar lafiya ba aikin ofis ba ne. To amma ƙarar da ake yi wa asibitin kansa, cewa ya yi sakaci wajen sa ido, nan ne lauyansu zai kawo maganar wa'adin wata ukun tun kafin a taɓa maganar abin da ya faru. Kuma asibitin ne mai kuɗin biyan diyya. Ga shi hukumomin gwamnati da yawa dokar da ta kafa su ta ce sai an ba su takardar gargaɗi ta wata ɗaya kafin a kai su kotu. A ce abin ya faru ranar 10 ga Maris: ya kamata takardar gargaɗi ta isa kafin ƙarshen Afrilu, hatimin rajistara ya hau kan sammaci a makon farko na Yuni. Kwanan watan da ke kan wannan hatimi alƙali zai gwada da ranar da aka rubuta a bayanin ƙara. Idan ya zarce, kotu ba ta da hurumi, komai ƙarfin shaida.

Hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, wadda kowa ke kira Legal Aid, hedikwatarta na Area 11 a Garki. An kafa ta a 1976, tana aiki da dokar 2011. Abin yabo a nan, lauyoyinta na iya shigar da ƙara da kansu, kuma dokarta ta ambaci ƙarar take haƙƙin ɗan Adam da neman diyyar da ta samo asali daga aikata laifi, wanda shi ne ainihin irin wannan magana. Matsalar tana wurin sharaɗin shiga: an tanade ta ne ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 tun 2024, sai in an yi wa mutum sassauci na musamman. Mai iya biyan kuɗin ganin ƙwararre a asibitin kuɗi a Wuse ko Maitama galibi ya haura wannan layi, alhali kuɗin lauya mai zaman kansa ya fi ƙarfinsa. Sannan sai an cike fom an tantance kafin a ba da lauya, kwanakin kuma cikin wa'adi ake cire su. Ga mai shekara uku a gaba, wuri ne mai kyau. Mai wata uku ya rubuta ranar da abin ya faru da manyan baƙaƙe a saman takardarsa, ya faɗa da baki tun a teburin farko.

Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA tana da reshe a Abuja, tana tsaya wa mata da yara marasa ƙarfi kyauta. Macen da ba za ta iya buɗe baki gaban namiji ba, nan ya fi mata sauƙi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gargaɗi ɗaya, ba ga su kaɗai ba, ga duk inda aka kawo maganar sulhu: zaman sasantawa ba ya tsayar da wa'adi. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Eboigbe da NNPC a 1994. "Ku yi haƙuri, kwamiti na bincike" ta cinye ƙararraki da yawa. A shigar da ƙara tukuna, a yi sulhun tana gaban kotu.

Hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP ce ke aiwatar da dokar hana cin zarafi ta VAPP ta 2015 a Abuja, kuma a ganinmu ita ce ƙofar da ta fi amfani ga wanda shekaru suka riga suka wuce masa, domin wa'adin dokar 1966 bai shafi shari'ar laifi ba. Ma'anar fyaɗe a dokar ta haɗa maza da mata, ta kuma haɗa yardar da aka samu ta hanyar yaudara kan ainihin abin da ake yi, ko ta hanyar ba da wani abu mai gusar da hankali. Wanda ya ce wa marar lafiya "wannan yana cikin magani" ya shiga ciki tsundum. Hukunci yana kaiwa ɗaurin rai da rai, mafi ƙaranci ga baligi shekara 12 ba zaɓin tara, kuma kotu za ta yanke diyya. Sai dai ƙarar laifi ta gwamnati ce, wanda aka cuta shaida ne kawai, kuma sai an tabbatar da laifin ba tare da kokwanto ba. Kada a zauna jiran hukuncinta kafin a shigar da ta diyya.

Hukumar kula da likitoci ta MDCN takan karɓi ƙorafi ne a takardar rantsuwa. Kwamitin bincike ya duba, ya miƙa wa kotun ladabtarwa, wadda ke iya gargaɗi, ko dakatarwa har wata 6, ko soke suna daga rajista. Ba ta biyan ko sisi, kuma hurumin nata bai kai ga wanda ba likita ba. A binciki takardun wanda ake zargi tukuna, don mutane da yawa da ake kira "dokta" a wannan fanni masana halayyar ɗan Adam ne, ko masu ba da shawara.

Akwai wata hanya da ba a cika gaya wa mutane ba. Ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun ce babu dokar wa'adin da ke shafar ƙarar da aka shigar ta wannan hanya, sashe na 34 na tsarin mulki kuma ya kare mutuncin mutum daga wulaƙanci. Amma da takardun rantsuwa ake yin ta, kuma idan alƙali ya ga asalin maganar sakacin likita ce aka sa mata rigar haƙƙi, zai yi watsi da ita. Labarin da ake gani a intanet na jihar New York a Amurka, inda aka buɗe shekara ɗaya daga Nuwamba 2022 don tsofaffin ƙararraki, dokarsu ce, ba ta aiki a nan.

Ko ina za a je, a tafi da katin asibiti, da rasitai, da takardar banki mai nuna ranakun biya, da sunan mutum na farko da aka faɗa wa. Saƙonnin WhatsApp kada a tsaya ga ɗaukar hotonsu: a fitar da hirar gaba ɗaya a tura imel, a adana wayar, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana buƙatar takardar da ke bayyana na'urar da saƙon ya fito. A nemi kwafin fayil a rubuce kafin asibitin ya ji ƙishin-ƙishin ƙara. Idan kuma abin sabo ne, asibiti ake fara zuwa kafin lauya: maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, kuma a karɓi rahoton likita mai ɗauke da kwanan wata da sa hannu.