Reza mai ƙugiya ko miƙaƙƙiya: wacce ta fi a aikin leda da kafet?

Ƙanena na Jega da ya yi tambaya daren jiya, ga amsarka. Ka ce ka fara karɓar aikin shimfiɗa leda da kafet a ɗakunan amare, ka ga wani yana yanka da reza mai lanƙwasasshen baki kamar ƙugiyar masunta, kana son sanin ko ta fi miƙaƙƙiyar da ka saba da ita ko kuwa iyayi ne kawai. Ba iyayi ba ne. Amma kuma ba za ta kori miƙaƙƙiya daga jakarka ba, ni kaina duka biyun nake yawo da su.

Bambancinsu duka yana wurin da kaifi yake. Miƙaƙƙiya tsininta ne ke shiga, danna ta kake yi, don haka duk abin da ke ƙarƙashin ledar sai ya ɗanɗana. Mai ƙugiya kuwa kaifinta yana cikin lanƙwasar, irin na lauje. Ai ka ga yadda ake yankan shinkafa a fadama: ba a sara, rungumowa ake yi a ja. To haka take. Ka saƙala bakin leda cikin ƙugiyar ka jawo, ƙeyarta marar kaifi ce ke tafiya a kan daɓe, kaifin yana sama yana tsaga ledar. Shi ya sa kafin in zaɓi reza ba abin da zan yanka nake fara dubawa ba, abin da ke kwance ƙarƙashinsa nake dubawa.

Yawancin ɗakunan da muke yi wa aiki daɓen siminti ne, siminti kuwa cike yake da yashi. Ka ja tsinin miƙaƙƙiya a kansa tsawon bango ɗaya, ka ɗaga ka duba, za ka ga tsinin ya mutu. Reza in ta dakushe ba yanka take yi ba, ja take yi, sai ledar ta tattare a gabanta, bakin ya fito kamar ɓera ya yi masa aiki. Kai kuma sai ka ƙara ƙarfi, daga nan hannu ke kuɓucewa. In daɓen tayil ne, ka bar wa mai gida zane a tayil ɗinsa. In kafet ne mai soso a ƙasa, ka yanka har soson. Mai ƙugiya ba ta san wannan matsalar ba, tunda kaifinta ba ya taɓa ƙasa, shi ya sa take daɗewa da kaifi a irin wannan aikin.

Ni da kuɗina na koyi wannan. Wani ɗaki a nan Birnin Kebbi, ana gobe za a kawo amarya, 'yan jere suna tsakar gida da kwanuka da labulaye suna jira in fito. Ledar ta yi tsawo, sai na naɗo rarar a kan 'yar'uwarta don in rage, na danna miƙaƙƙiya na ja. Da na buɗe sai ga tsaga kusan taku biyu a ledar ƙasan, a daidai wurin da ba gado ba kujera da za ta rufe. Gwaggon amarya ta leƙo, ba ta ce komai ba, ta dai tsaya tana kallon tsagar. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Na koma kasuwa na sayo wasu yadin daga aljihuna. Da mai ƙugiya ce a hannuna da ta ɗauki ta saman kaɗai ta bar ta ƙasan lafiya.

To amma kada ka ɗauka ta fi ta kowane gefe. Mai ƙugiya ba ta iya bin layi ba. Ka ɗora rula ko ƙarfe miƙaƙƙe, miƙaƙƙiyar reza za ta jingina da shi ta bi shi tiryan-tiryan har ƙarshe. Mai ƙugiya kuwa yawo take so, hannunka ya ɗan karkata ta kauce, kuma ba za ka lura ba sai ta yi nisa. Wajen haɗa baki biyu na leda a tsakiyar falo, inda ake ɗora ɗaya kan ɗaya har zanen furannin ya dace sannan a yanke su tare lokaci guda don bakin ya haɗu ba ƙofa, wannan aikin miƙaƙƙiya ne, sabuwa fil, da ƙarfe a danne da gwiwa. Haka ma kusurwa, da zagayen katakon ƙofa, da inda bututu ya fito daga ƙasa: wurare ne da ake son tsini ya shiga lungu ya tsaya daidai inda ka ce. Ƙugiya tana son a ba ta baki ta kama, ba ta jin daɗin farawa daga tsakiya.

Ga yadda nake haɗa su a leda mai kauri. Zan ɗora ƙarfe in ja miƙaƙƙiya a hankali, ba don ta ratsa ba, don dai ta tsaga fatar sama ta bar hanya. Sai in ɗan lanƙwasa ledar, tsagar ta buɗe baki, in saƙala mai ƙugiya a farkon layin in jawo. A nan yawonta ya ƙare, hanyar da aka share mata take bi, har za ka ji wani sauti siririn kamar ana yage sabon yadi. Layi ya miƙe, tsini bai taɓa siminti ba. Amma ledar nan sirara mai arha wadda in ka ɗaga ta kana ganin hasken rana, ita almakashi babba ma ya ishe ta, kuma in ƙugiyar ba sabuwa ba ce yage ta za ta yi.

Ka kula da lokaci ma. Ledar ɗaki roba ce ta PVC, sanyi yana sandarar da ita, zafi yana saukar mata da kai. Da safiyar hunturu, Disamba zuwa Janairu, in ka warware ta daga naɗi ka hau yanka nan take, tana iya tsagewa gaba da reza, musamman da mai ƙugiya da ke ɗaga ta sama. Shimfiɗa ta a rana na ɗan lokaci ta saki jiki tukuna. A bazara kuwa, Maris da Afrilu da zafin garin nan ke haura digiri 40, laushi take yi har ta riƙa miƙewa in ka ja da ƙarfi, sai ka yanka daidai ta huce ta ja baya ta bar gindin bango a buɗe. Bar 'yar rara, ka gyara daga baya.

Kafet ta baya ake yanka shi, ko da wacce reza, don kada ka aske gashinsa. Wajen yanko shi daga naɗi da rage rara mai ƙugiya ta fi sauri nesa ba kusa ba. Wajen haɗa baki, miƙaƙƙiya da ƙarfe.

Sauran kayan ba sai na ja zance ba. Tamfol, ledar da magina ke shimfiɗawa kafin zuba kankare, buɗe naɗin kaya ba tare da an yanki na ciki ba, duk na mai ƙugiya ne. Allon jifsam na silin na miƙaƙƙiya ne: ka tsaga takardar fuska, ka karya, ka yanke takardar baya. Robar nan mai kama da gilashi da masu allon talla ke amfani da ita tana da nata ƙarfen mai ɗan ƙugiya, amma shi kankare hanya yake yi a karya, ba irin wadda muke magana ba ne, kada mai shago ya haɗa ka da shi. Kwanon rufi kuwa sai almakashin kwano.

Wajen saye, ka san cewa wuƙaƙen iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai doguwar reza da ake ɓallewa gaɓa-gaɓa, wadda wani ɗan Japan, Yoshio Okada, ya ƙirƙiro a 1956, shi ne ya kafa kamfanin Olfa. Tana zuwa da faɗin milimita 9, 18 ko 25. Tana da daɗi wajen kwali da aiki marar nauyi, tsini ya mutu ka ɓalle ka samu sabo, amma in ka zaro ta da tsawo ka murɗa a kafet, karyewa take yi ta yi tsalle, ido ne abin tsoro. Sai kuma mai gajeriyar reza mai 'yan tsaguna a ƙeya, irin ta kamfanin Stanley, wadda mariƙinta ke ɗaukar miƙaƙƙiya ya kuma ɗauki mai ƙugiya. Ita nake nufi. A kwalin Stanley za ka ga 1992 a kan miƙaƙƙiya, 1996 a kan mai ƙugiya. Lambar samfuri ce, ba shekara ba. Na taɓa jin yaro yana cewa an sayar masa da tsohon kaya. Kowacce reza baki biyu gare ta, ɗaya ya mutu ka juya.

Miƙaƙƙiya in ta kama dole kana iya goga ta a dutsen wasa ta ƙarasa maka aikin yini. Mai ƙugiya ba ta kwanciya a dutse, sai da zarto mai zagaye, kuma wahalar ta fi kuɗin sabuwa. Ita ce kuma ta fi wuyar samu, don haka in ka gan ta ka sayi fakiti, kada ka sayi ɗaya.

Sai maganar jiki. Mai ƙugiya wajenka kake jawo ta, kuma in ta kama nama ba shafa take yi ba, shiga take yi ta yago. Gwiwarka da hannun hagunka kada su zauna a kan hanyarta, ka ja ta gefen cinyarka. Wadda ta mutu ka naɗe ta a kwali ko ka jefa cikin gwangwani mai murfi, gidan biki yara ba takalmi suke yawo.

In kuɗin mariƙi ɗaya gare ka yanzu, sayi na ƙarfe da miƙaƙƙun reza, ka ƙara fakitin mai ƙugiya ka riƙa sauyawa. Da ka samu hali ka ƙara mariƙi na biyu, ka naɗa wa ɗaya jan salatif don kada ka riƙa lalube a tsakiyar aiki. Kuma in za ka nema wajen masu kayan gini, a nan Birnin Kebbi ko Sakkwato, tafi da mariƙinka a aljihu ka gwada rezar a gaban mai shago, don akwai waɗanda tsagunansu ba sa zama daidai, sai ka ji tana rawa a ciki.