Wane babur ya dace da mai gajeriyar ƙafa a Kumasi?

Mai sayar da babur ba ya tambayar tsawon ƙafarka. Zai gaya maka ƙarfin inji, da ƙarancin shan mai, da cewa kayan gyara na nan birjik a Suame Magazin, unguwar makanikai da masu kayan gyara ta Kumasi. Amma ko ƙafarka za ta isa ƙasa idan trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ya taka birki a gabanka a cunkoson unguwar Dr. Mensah, wannan damuwarka ce kai kaɗai. Kumasi kuwa ba shimfiɗaɗɗen gari ba ne kamar Tamale. Hawa ne da gangara, ga buɗaɗɗun kwatoci a bakin titi, ga damina sau biyu a shekara tana zaizaye lungunan Aboabo da Sawaba. Faɗuwar gajeren mahayi ba kasafai take zuwa a kan gudu ba. A tsaye take samunsa, lokacin da ya miƙa ƙafa ya ji wayam.

Kafin ka je shago, ka ajiye maganar tsayinka, ka auna ƙafarka. Mutum biyu kan zo kafaɗa ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya tsawon ƙafa nesa ba kusa ba. Sa takalmin da za ka riƙa hawa da shi, ka jingina da bango, ka sa littafi mai kauri tsakanin cinyoyinka ka ɗaga shi har ya tokare, wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin da tef ɗin tela. A ce ka sami santimita 72. Wannan lambar za ka tafi da ita.

Sai dai lambar da kamfani ya rubuta ta tsayin kujera ba ta faɗin komai da komai. Ana auna ta ne babu kowa a kai. Idan ka zauna, babur zai nutse kaɗan, kuma nutsewar ta danganta da nauyinka. A nan ake yi wa mutane wayo ba da gangan ba: mai shago ƙato ne, ya hau ya nuna maka ƙafafunsa biyu sun kwanta a ƙasa, kai kuma mai ƙaramin jiki ka hau babur bai ko motsa ba. Abu na biyu faɗin kujera, musamman ta gaba inda ta haɗu da tanki. Kujera mai faɗi tana ware cinyoyi, ƙafa ta sauka a karkace maimakon a miƙe, sai tsawonta ya ƙare kafin ta kai ƙasa. Shi ya sa za ka ga babur siriri mai santimita 80 ya fi wani mai 77 sauƙin takawa. Na uku nauyi, da kuma inda nauyin yake. Babur mai kilo 100 idan ya karkata, ƙafa ɗaya za ta dawo da shi. Mai kilo 190 da cikakken tanki a sama, idan ya wuce wani mizani, sai dai ka sake shi ka tsira da ƙafarka.

To, ga abin da ke kasuwa.

Mafi sauƙi ga gajere shi ne babur mai buɗaɗɗen gaba irin Honda Wave da 'yan'uwansa na Sin, wanda a Arewacin Gana ake kira Mapuka, irin da mata ke cika titunan Tamale da Wa da shi. Kujerarsa wajen santimita 76 ce, ba wai ta yi ƙasa sosai ba, amma siririya ce, nauyinsa kuma bai wuce wajen kilo 100 ba. Babu hannun kuloci, don haka tashi a kan tudu ba ya zama abin fargaba. Babbar falalarsa ita ce ba sai ka ɗaga ƙafa ta bayan kujera ba, kuma idan tsayuwa ta zo a mugun wuri za ka iya zamewa gaba ka tsaya da ƙafa biyu. Mai jallabiya da mai abaya duk ya yi musu. Tayoyinsa inci 17 ne, suna haye ramuka yadda ya kamata. Aibinsa biyu: ba na ɗaukar buhu ba ne, kuma samarin Zango suna ganin hawansa raini ne. Na farkon hujja ce. Na biyun kuwa, wanda zai yi maka dariya ba shi zai biya kuɗin ɗori ba.

Ga wanda ya nace sai babur mai tanki a gaba da kuloci, ni dai inda zan fara tura shi shi ne wurin masu ƙirar Suzuki GN125. Kujerarsa kimanin santimita 74 ce, mai hawa biyu, mazaunin direba ya kwanta ƙasa da na goyo, tayar baya kuma inci 16. Tsohuwar ƙira ce tun shekarun 1980, kamfanin Haojue na Sin ya daɗe yana ƙera shi, kuma HJ125-8 ɗinsu daga jikinsa aka fitar. Wasu kamfanonin Sin da dama sun kwaikwayi siffar, shi ya sa babu makanikin da zai ce bai san cikinsa ba. A cikin baburan aiki masu araha, da wuya ka sami wanda ya kai shi kusanci da ƙasa. Farashin wannan kusancin shi ne cikinsa ma yana kusa da ƙasa. Da goyo mai nauyi, a kan tudun rage gudu irin dogayen nan da mutanen unguwa ke ginawa da kansu, za ka ji ya karta.

Sai baburan da suka fi yawa a titi: Bajaj Boxer, TVS HLX, da irin su Yamaha YBR125 mai santimita 78. Dukkansu a nan kusa suke, daga wajen 78 zuwa 80 da ɗan abin da ya ɗara, gwargwadon samfuri. A takarda ba su da tsayi. Matsalar Boxer da HLX ita ce an yi su ne don goyo da kaya, kujerar doguwa ce, shimfiɗaɗɗiya, mai faɗi, kuma shokazoban baya mai tauri ne don ya jure nauyi. Gajere mai ƙaramin jiki idan ya hau shi kaɗai, yatsun ƙafa ne kawai ke taɓa ƙasa. Amma su ne suka fi amsa gyara, domin soson kujerar yana da kauri, akwai abin da za a yanke. Idan sana'arka ta kai saƙo ce ko dakon kaya daga kasuwar Kejetia, kuma ƙafarka ta kai 72 ko sama da haka, Boxer da gyararriyar kujera ya fi maka GN. Idan ƙasa da 70 ce, kar ka wahalar da kanka.

Sikuta irin Honda PCX da Yamaha NMAX na ruɗin mutane. Kujerarsu wajen santimita 76 ce, amma tana da faɗi saboda akwatin da ke ƙarƙashinta, ga kuma matakin ƙafa da ya fito gefe yana ƙara ware ƙafafu. Sai ka zamo gaban kujera sannan ka taka sosai. Nauyinsu a ƙasan jikinsu yake, wannan yana taimakawa, kuma babu giya babu kuloci. Tayoyinsu ƙanana ne, inci 13 ko 14. Wanda zirga-zirgarsa a kan kwalta take, daga Asawase zuwa Adum, zai ji daɗinsu. Wanda gidansa ke can cikin sabuwar unguwa da ba a yi wa titi ba, ya sake tunani.

Baburan daji kuwa maganarsu gajera ce. Kujerar Honda XR150L wajen santimita 83 ce, Yamaha XTZ125 84, Honda CRF250L 87.5. Sirara ne, suna nutsewa fiye da sauran, kuma gwani gajere yana iya sarrafa su. Amma ba su ne baburan koyo ba. Idan wurin aikinka ne ya ba ka, babu yadda za ka yi, sai ka karanta maganar gyara da ke tafe. Da kuɗinka dai kar ka fara da su.

A cikin manyan babura na hannu da ake shigo da su daga waje akwai abin mamaki: mafi ƙasa duka a can suke. Honda Rebel 500 santimita 69 ne, Yamaha Virago 250 kuma 68.5. Kusan kowa zai kwantar da ƙafa biyu a kansu. Sai dai Rebel ya kai wajen kilo 190, matakan ƙafar Virago kuma suna can gaba, don haka gajere zai iya isa ƙasa amma ya riƙa miƙewa kafin ya kai birki da giya. A gwada wannan ma. Sannan a tambayi masu kayan gyara tun kafin a biya, domin abin da za ka samu na Boxer cikin minti kaɗan, na Rebel sai an yi odarsa.

Yanzu a ce babur ya riga ya shigo hannu, ko wanda ka zaɓa saura ƙiris ya yi daidai. Gyaran yana da tsari, daga mai arha marar haɗari zuwa mai taɓa lafiyar babur.

Fara da kujera. Masu ɗinkin kujerun mota a Magazin suna yin wannan aikin. Abin da za ka kula shi ne, kar ka ce kawai a rage tsayi. Ka ce: "Masta, gefen gaba nake so a fere, inda cinya ke sauka, sannan a rage sama kaɗan." Fere gefe shi ke ba da mafi yawan riba, kuma ba ya rage laushi. Daga sama, santimita 2 zuwa 3 ya isa. Idan aka wuce haka za ka zauna a kan roba, gwiwa ta ƙara lanƙwashewa, tafiya zuwa Ejisu ma ta gagare ka. Ka zauna a kan soson kafin a mayar da fata, a rage kaɗan-kaɗan, don abin da aka yanke ba ya komawa. A gyara bakin yankan ya zama mai santsi, a sa leda a ƙarƙashin fatar saboda ruwan sama.

Na biyu, shokazoban baya. Yawancin masu guda biyu suna da zobe mai matakai a ƙasan sifirin. Idan aka sassauta shi, babur zai ƙara nutsewa idan ka zauna. Kyauta ne, kuma ana iya mayarwa. A tabbata ɓangarorin biyu suna mataki ɗaya, kuma ranar da za ka ɗauki goyo da kaya ka ƙara masa tauri, in ba haka ba zai riƙa bugawa a kowane rami.

Na uku takalmi mai kaurin ƙasa, wanda ke ƙara santimita 2 ko fiye. Sai a ɗaga sandar giya kaɗan don kan takalmin ya shiga ƙarƙashinta. Silifas da takalmin fata mai santsi na zuwa masallacin Juma'a su ne abokan gabar mai takawa da yatsu, musamman a kan yashi ko inda mai ya zuba.

Sauke babur ɗin kansa shi ne na ƙarshe, kuma nan ne aikin ke ɓaci. Makaniki zai ce ya sa maka gajeren shokazoba. Idan aka sauke baya kaɗai, kan babur zai ɗaga, juyi ya yi nauyi, fitila ta riƙa haska idon masu tahowa, taya kuma tana iya gogar madigadi idan an yi lodi. Dole a sauke gaba daidai da baya, ta hanyar zura ƙafafun gaba sama kaɗan a cikin maƙallansu, a kuma duba cewa madigadin gaba ba ya dukan komai idan an danna birki da ƙarfi. A sake saita sarƙa. Jak ɗin gefe kuma sai an rage masa tsawo, in ba haka ba babur zai tsaya a miƙe, iska ko yaro ya taɓa shi ya kife dama. Rage iskar taya don babur ya sauka kuwa ba dabara ba ce: taya za ta yi zafi, rim ya lanƙwashe, mai ya ƙara tafiya.

Akwai kuma abin da ba a saya da sidi. Ba dole ne ƙafa biyu su kwanta a ƙasa ba. Ƙafar hagu ɗaya, a kwance sosai, ta fi yatsun ƙafa biyu ƙarfi. Kafin ka tsaya, ka sauko zuwa giya ta ɗaya, ka zame mazauninka hagu kaɗan, ka sauke ƙafar hagu, ta dama tana kan birkin baya. Tun 1974 Gana ta koma tuƙi a hannun dama, kuma titi yakan gangara zuwa kwata, wato ta damanka. Don haka a mafi yawan wurare ƙasa ta fi kusa da ƙafarka ta hagu. Inda gangaren ya juya, ka taka ta ɓangaren tudu. Ka zaɓi wurin tsayawa da ido tun daga nesa, kuma kar ka damƙi birkin gaba kan babur yana karkace, wannan ne ke kayar da mutane a mashigar gida. Idan za ka ja baya, ba abin kunya ba ne ka sauka ka tura. Goyo kuma kar ya hau sai ka kafa ƙafa ka ce masa bismilla.

A shago, kar ka yarda da gwaji a kan jak ɗin tsakiya. A sauke babur a kan tayoyinsa, ka hau da takalminka, ka ɗauke shi daga jak ɗin gefe da kanka, ka karkata shi hagu da dama ka ji inda nauyin ya fara rinjayarka. Juya kan har ƙarshe ta kowane ɓangare ka ga ko hannunka na nesa yana kai wa ba tare da ka tashi daga kujera ba. Duba ko ƙafarka tana iya naɗe jak tana kuma iya buɗe shi kana zaune, domin gajeru da yawa sai sun kai gida suke gane wannan. Idan kik yake da shi, gwada tayar da shi, kuma ka fifita mai sitata, don buga kik a tsakiyar titi da ƙafa ɗaya a kan yatsu ba ƙaramin aiki ba ne.

Idan ka yanke shawarar fere kujera a kan sabon babur, ka nemi tsohuwar kujera ta hannu irin tasa a Magazin a yi aikin a kanta, ka ajiye ta asali a ɗaki. Ranar sayarwa, mai saye dogo zai rage maka kuɗi a kan yankakkiyar kujera fiye da abin da ka kashe wajen sayen ta biyun.